Sharhi: Tallan da ke cewa kwamfutarka ba ta da lafiya



Sharhinmu na yau a kan wata fitina ce da ta ishi masu aiki da kwamfuta, musamman ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikatan ofis, da masu shagunan buga takardu. Mutum yana tsakiyar aikinsa sai wani akwati ya faɗo masa a allo, ja wur, wani lokaci har da ƙara kamar ta jiniya. An rubuta da Turanci wai kwamfutarsa tana cikin haɗari, wai an gano matsaloli sama da dubu, wai in bai gyara yanzu-yanzu ba duk abin da ya adana zai salwanta. Ga wani koren layi yana tafiya daga hagu zuwa dama kamar ana bincike, ga agogo a gefe yana cin mintuna, ga tambari mai kama da na Windows sak. A ƙasa kuma ga ƙaton maɓalli, wai ka danna a gyara maka. In ya rufe akwatin, kafin ya gama rubuta layi biyu ya dawo. In ya kashe na'urar ya sake kunnawa, shi ne abu na farko da zai gani.

Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga nan shi ne, babu wani bincike da aka yi. Shafin intanet ba shi da ikon kutsawa cikin rumbun kwamfutarka ya bi fayilolinka ɗaya bayan ɗaya. Burauza irin su Chrome da Edge da Firefox an gina su ne don su hana hakan. Koren layin nan zane ne mai motsi kawai, kuma lambar da ya nuna maka ita zai nuna wa wanda ya ciro sabuwar kwamfuta dal daga kwali yau da safe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya saurari mai tallan magani da lasifika ya san salon. Zai jero kasala da ciwon baya da yawan mantuwa da rashin cin abinci, har sai kowa a wurin ya ji kamar da shi ake, sannan ya ɗaga kwalba. To wace kwamfuta ce ba ta taɓa yin nauyi ba? Wace ce ba ta taɓa tsayawa cik ba? Da wannan ake kama mutane.

Kuma wannan magana ba zato ba ce, an sha kai ta gaban hukuma. A watan Disamba na 2008 hukumar da ke kare haƙƙin masu saye a Amurka, wato FTC, ta sa kotu ta dakatar da wani kamfani mai suna Innovative Marketing, wanda ke sayar da manhajoji irin su WinFixer da DriveCleaner da XP Antivirus ta hanyar binciken ƙarya a shafukan intanet. Hukumar ta ce mutum fiye da miliyan ɗaya aka yaudara, kuma a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan sama da dala miliyan 163 a shari'ar.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ta shagunan Office Depot, domin su ba a ɓoye suke ba, manyan shaguna ne da mutum zai shiga da ƙafarsa ɗauke da kwamfutarsa. Daga 2009 zuwa ƙarshen 2016 suna yi wa mutane gwajin lafiyar kwamfuta kyauta da wata manhaja mai suna PC Health Check. Kafin a fara sai a yi wa mai kwamfuta tambayoyi huɗu: ko tana nauyi, ko tana yawan kawo tallace-tallace, ko tana gargaɗin ƙwayar cuta, ko tana yawan tsayawa. A cewar hukumar, muddin ya amsa da e ko da a guda ɗaya ne, rahoton zai fito cewa an ga alamun cuta, ko da kuwa binciken bai ga komai ba. Daga nan sai a tallata masa gyara na ɗaruruwan daloli. A 2016 wani gidan talabijin na birnin Siyatil ya kai musu sababbin kwamfutoci da ba a taɓa aiki da su ba, aka ce wasunsu suna da cuta. A watan Maris na 2019 Office Depot ya amince ya biya dala miliyan 25, kamfanin Support.com da ya samar da manhajar kuma miliyan 10. Abin bai tsaya nan ba. A watan Maris na 2024 wasu kamfanoni biyu da ke ƙasar Saifurus, Restoro da Reimage, sun amince su biya dala miliyan 26. Jami'an hukumar sun gwada kayansu a kwamfutar da suka tabbatar lafiyarta ƙalau, amma binciken ya ce tana da matsaloli. Mutum zai sayi manhajar a kan dala 27 zuwa 58, sai a ce ya buga waya a kunna masa ita, a wayar kuma a ce ai matsalarsa ta fi ƙarfin manhaja, sai ya biya ƙarin kuɗi masu yawa. Tsofaffi ne aka fi cuta.

Na kawo waɗannan ne don wanda abin ya taɓa faɗa wa ya daina jin kunya. Masu wannan sana'a kamfanoni ne masu ma'aikata da ofisoshi, sun yi shekaru suna koyon yadda ake firgita mutum. Jin kunyar nan shi ke sa mutane su yi shiru har a ci gaba da cirar musu kuɗi.

To ta ina abin yake shigowa? A nan akwai abu biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai manhajar da ake tallatawa, mai cewa za ta share kwamfuta ta ƙara mata sauri. Akwai kuma ɗan aiken da ke kawo tallan, wata ƙaramar manhaja da ta laɓe a cikin na'urarka ba ta da aikin yi sai buɗe maka tallace-tallace. Mai ita yana samun kamasho a kan duk wanda ya danna ko ya saya. Shi ya sa ko ka goge manhajar sharar, in ɗan aiken yana nan, gobe zai kawo maka wata mai sabon suna.

Yawanci da hannunmu muke buɗe masa ƙofa. Ka je neman manhajar kallon bidiyo ko ta juya takarda zuwa PDF kyauta, ka sauko da ita daga shafin da ba na masu ita ba. Wajen girka ta kana sauri, kana ta danna maɓallin ci gaba ba tare da karantawa ba. A shafi na uku ko na huɗu akwai wani ɗan ƙaramin akwati da aka riga aka sa wa alamar amincewa, da rubutu ƙanana a gefensa cewa ka yarda a haɗa maka da wasu manhajoji. Ka wuce shi cikin daƙiƙa ɗaya, shi ke nan ya shiga. Sai kuma shafukan sauke finafinai da waƙoƙi, inda za ka ga maɓallan saukewa uku ko huɗu, ɗaya ne kawai na gaskiya. Sai babbar ƙofa a wajenmu, wato manhajojin da aka fasa, da 'yan kayan da ake kunna Windows da Office da su ba tare da lasisi ba. Kafin a saka irin waɗannan sai an kashe garkuwar da ke cikin Windows, kuma sau da yawa ba a sake kunna ta. Fulas ɗaya zai zaga kwamfuta hamsin, abin da ke cikinsa ya bi su duka.

Akwai wata hanyar kuma da ta yi yawa a 'yan shekarun nan, wadda ba ta ma buƙatar a girka komai. Ka shiga wani shafi, sai ya ce in kana so ka kalli bidiyon, ko ka tabbatar kai mutum ne ba na'ura ba, ka danna Allow. Abin da ka amince da shi a gaskiya shi ne shafin ya riƙa turo maka sanarwa. Daga ranar sai saƙonni su riƙa fitowa a kusurwar dama ta ƙasan allo, daidai inda Windows ke fitar da nata, ɗauke da tambarin sanannun kamfanonin rigakafi. Mutane da yawa sun biya kuɗin fomatin a kan wannan, alhali gyaransa bai kai minti biyu ba.

Yanzu ga yadda za a yi. In akwatin ya cika allo ya hana ka motsi, kada ka danna komai a cikinsa, har da maɓallin da ke cewa a fasa, domin shi ma nasu ne. Kada kuma ka kira lambar wayar da aka rubuta. Kamfanin Microsoft da kansa ya faɗa cewa saƙonninsa na gargaɗi ba sa zuwa da lambar waya. Ka danna madannan Ctrl da Shift da Esc a tare, taga mai suna Task Manager za ta buɗe, ka zaɓi burauzar ka rufe ta daga can. In ka sake buɗe ta za ta tambaye ka ko a dawo maka da shafukan da ka bari, ka ce a'a.

Daga nan ka shiga saitin Windows, sashen manhajoji, ka sa a jera maka su bisa ranar da aka girka su. Ka tuna lokacin da fitinar ta fara, ka dubi abin da ya shigo a ranar ko kwana ɗaya kafin ta. Galibi za ka gan su a jere, uku ko huɗu, duk rana ɗaya, masu sunaye irin na shara da ƙarin sauri da sabunta direbobi, kuma kai ka san ba ka nemi ko ɗaya ba. Ka cire su. A nan sai a yi hattara ta fuska biyu. Wajen cirewar ma wasunsu za su roƙe ka, ko su yi maka tayin ragi, ko su nemi saka maka wani abu a madadinsu, don haka ka karanta kowane shafi kafin ka danna. Sannan kada zafin rai ya sa ka goge abin da na'urar ke buƙata. Abin da ka ga sunan Microsoft ko Intel ko Realtek ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar a jikinsa, ka bar shi. Wanda ka yi shakka a kansa, ka rubuta sunansa a wayarka ka bincika tukuna.

Sai burauza, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake. Ka buɗe jerin 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, inda aka rubuta Extensions, ka cire duk wadda ba ka san da zamanta ba. Ka shiga saitinta, ɓangaren sirri da tsaro, ka nemo wurin sanarwa. Za ka tarar da jerin shafukan da aka ba izini, wasu da sunaye marasa ma'ana, haruffa da lambobi a cakuɗe. Ka toshe su duka, ka bar waɗanda ka sani kawai. Ka duba shafin da take fara buɗewa da injin bincikenta, ko an sauya maka su. In abin ya yi yawa, akwai maɓallin mayar da saiti yadda yake tun asali, kuma a Chrome wannan ba ya goge shafukan da ka adana ko kalmominka na sirri. In kana da burauza biyu ko uku, kowacce sai ka bi ta, ko da ba ka cika amfani da ita ba. Idan kuma ka ga Chrome tana cewa wata ma'aikata ce ke kula da ita, alhali kwamfutar taka ce ta gida, wannan abin a bincika ne, domin wasu manhajojin tallan da wannan dabarar suke hana a cire su.

Mutane sukan ce sun yi duk wannan amma bayan kwana biyu abin ya dawo. Dalili shi ne ɗan aiken yakan bar wa kansa hanyar komowa. Wuri na farko shi ne jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, wanda ke cikin Task Manager ɗin nan. Na biyu shi ne Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da aka tsara su gudana a kan lokaci. A can za ka iya tarar da umarnin cewa duk bayan awa ɗaya, ko duk sanda aka kunna na'ura, a buɗe shafi kaza. Wanda bai saba ba kada ya yi ta goge-goge a wurin. Ya fi sauƙi ya bar wa manhajar da aka yi don wannan aiki.

Wadda aka fi sani ita ce AdwCleaner, ta kamfanin Malwarebytes, wanda ya saye ta a 2016. Kyauta ce, ƙarama ce, ba ta cin data sosai, kuma ba sai an girka ta ba. Ka sauko da ita daga shafin kamfanin kansa. Ina jaddada wannan domin in ka rubuta sunanta a injin bincike, sakamakon farko-farko kan iya zama talla, kuma 'yan damfara suna sayen wannan gurbin su sa jabu. Za ta yi bincike na 'yan mintuna, ta nuna maka abin da ta samu, ta killace shi, wataƙila ta nemi ka sake kunna kwamfutar. Bayan haka ka buɗe Windows Security ka tabbatar garkuwar Microsoft Defender a kunne take, ka sabunta ta, ka sa ta yi cikakken bincike. Tana da wani nau'in bincike da take yi bayan ta kashe Windows ta sake tayar da na'urar, yakan ɗauki kamar minti goma sha biyar, kuma yana kama abin da ke ɓuya lokacin da Windows ke aiki. Tun ranar 1 ga Maris 2018 Microsoft ya sa Defender ta riƙa cire manhajojin shara masu tsorata mutane don su biya kuɗi. A cikin Windows Security ɗin akwai kuma maɓallin toshe manhajojin da ba a so, ka duba ka ga yana kunne.

Ina da magana da 'yan'uwanmu masu gyara, kuma da girmamawa nake yin ta, domin da yawansu sun san aikinsu. Fomatin ba shi ne maganin farko ba. Ɗalibar da ta kawo kwamfuta saboda talla ya dame ta, a goge mata komai har da babi uku na kundinta, an yi mata ɓarnar da ta fi tallan. In har sai an yi fomatin, a kwashe mata fayilolinta tukuna. Kuma in aka gama aka sake loda mata manhajoji daga fulas ɗin nan da ya zaga gari, aka bar garkuwa a kashe, to an mayar da ita inda ta fito, kuɗinta kawai ta rasa.

Wanda kuma ya riga ya biya, ko ya kira lambar, maganarsa ta fi gaggawa. In ka sa lambobin katinka na banki a shafinsu, ka toshe katin yau, kada ka jira gobe, domin da yawansu rajistar biyan kuɗi suke yi maka mai sabunta kanta, su riƙa cira lokaci bayan lokaci. In kuwa ka bari wani ya shiga kwamfutarka daga nesa ta AnyDesk ko TeamViewer, ka yanke intanet ɗin nan take, ka cire manhajar. Su waɗannan manhajoji na halal ne, ma'aikatan gyara na gaskiya suna aiki da su, amma wanda ka ba dama ta cikinsu yana ganin duk abin da kake gani. Wata dabararsu ita ce su buɗe maka Event Viewer, wani kundi da Windows ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta, su nuna maka jajayen alamomi da masu ruwan ɗorawa su ce ga cutar nan. Kowace kwamfuta mai lafiya tana da irin waɗannan alamomi birjik. Bayan ka rabu da su, ka ɗauki wata na'urar daban, ko wayarka, ka sauya kalmomin sirri, ka fara da na imel domin ta nan ake sake buɗe sauran, sannan na banki da na Facebook.

Saura tambayar da ta sa mutum ya danna tun farko: to me ya sa kwamfutar take nauyi? Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilan ba su ne waɗanda tallan ke faɗa ba. Abin da waɗannan manhajoji ke ƙirgawa a matsayin matsala yawanci tarkacen burauza ne da tsofaffin layuka a rijistar Windows, waɗanda zamansu ba ya rage saurin komai. Microsoft ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rijista, domin in aka goge layin da bai kamata ba Windows na iya ƙin tashi gaba ɗaya, garin neman gira a rasa ido. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, sun yi shekaru, da ƙwaƙwalwar aiki gig huɗu da tsohon rumbu mai juyawa. Sauya rumbun nan da SSD, da ƙara ƙwaƙwalwa zuwa gig takwas in na'urar za ta ɗauka, shi ne abin da ke kawo bambancin da mutum zai gani da idonsa. Ga kuma ƙura. Bayan hunturu ɗaya fankar laftof takan toshe, zafi ya taru, injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A buɗe a busa mata iska, a daina ɗora ta a kan katifa ko filo. In rumbu ne ya cika, Windows tana da kayan shararta a ciki, Disk Cleanup da Storage Sense, ba sai an biya kowa ko sisi ba. Masu Windows 7 su san an daina sabunta mata tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025.

Masu waya ma kada su ce ba da su ake ba. Manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka, masu cewa za su sanyaya batir su ƙara sauri, da yawansu talla suke zubawa kawai, suna cin data da caji. A watan Fabrairun 2020 Google ya cire manhajoji kusan 600 daga kasuwarsa ta Play Store saboda tallace-tallace masu takura wa mutane, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile mai Clean Master, wadda ta taɓa zama a wayoyin miliyoyin mutane.

Ga masu shagon intanet da makarantu, da iyayen da yara ke taɓa musu kwamfuta, akwai abu ɗaya mai sauƙi da ke rage wannan wahala sosai. A buɗe wa yara da kwastomomi asusu na daban a cikin Windows, wanda ba shi da ikon mai gida. Duk sanda wata manhaja ta nemi yin babban sauyi a na'urar, sai ta tsaya ta nemi kalmar sirrin mai ita, kai kuma ka zo ka karanta sunanta kafin ka amince.

A nan za mu dasa aya. A huta lafiya.